Kwallin Jini da Kwallin Kobal

A matatar ruwan datti ta bayan gari babu mai kiransa da sunansa. Makiyayi suke ce masa, domin dabbobin da yake kiwo ba a ganinsu da ido. Ƙwayoyin halitta ne, suna zaune cikin tankuna huɗu na roba a ƙarƙashin wata rumfar kwano, manne da wasu burusai na zaren gawayi, suna cin ƙazantar da ke cikin ruwa. In sun ci sai su saki 'yar wutar lantarki ta bi waya ta fito. Ruwa ya shiga baƙi ƙirin ya fita da dama-dama, allurar mita kuma ta ɗan ɗaga kai. Shekaru ya yi yana lallaɓa su kafin su kama.

Garken ba shi ne damuwarsa ba. Damuwar tana jikin tanki, inda aka yanke taga aka toshe ta da wani baƙin ƙyalle, fuska ɗaya tana taɓa ruwa, ɗayar tana shan iska. A nan wutar take haɗuwa da iska, kuma ba sa haɗuwa da son ransu sai an shafa wa ƙyallen wani gari da ke zuga su. A takarda sunan garin katalis. A ƙarƙashin rumfar kuwa kwalli ake ce masa, tunda baƙi ne kuma shafa shi ake yi a hankali.

Kwallin farko na ƙarfen filatinam ne, mai tsadar tsiya, warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cikin ruwan ya kashe shi tun bai yi nisa ba. Daga nan Makiyayi ya koma yin nasa. Yakan karɓo jini a mahauta ya shanya, ya daka shi da gawayi, ya ƙona a tanda a rufe ruf. Ɗan ƙarfen da ke cikin jinin shi ke yin aikin. Ba ya cutar da kowa, ba ya kuma yin abin a zo a gani.

Wata safiya Manaja ya shigo rumfar da gwangwani a hannu, yana toshe hanci da hankici kamar yadda ya saba.

"Makiyayi, yaya garke?"

"Suna nan suna kiwo, Yallaɓai."

"Kullum kiwo, tatsa babu." Ya ajiye gwangwanin a kan benci. "Kwamiti zai zo ƙarshen wata. Abu ɗaya suke so su gani: ɗan injin nan naka yana tura ruwa da wutar tankunan, ba da wutar layi ba. In ya juya, za su yarda a gina tanki arba'in. In bai juya ba, a kwashe rumfar, a zuba kankare a kafa injin hura iska. Ka ji ni da kyau?"

Makiyayi ya juya gwangwanin ya karanta jikinsa. "Ƙarfen kobal ne a ciki."

"Ko mene ne a ciki, an ce yana aiki."

"Yana aiki. Amma irinsa yakan zuba a ruwa."

"Yakan zuba. Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba. Yallaɓai, na ƙona sabon kwallin jini, na ƙara masa wuta fiye da na da. Ina jin wannan karon zai bambanta. Gwadawa ce kawai ban yi ba."

"Da gwajin nan naka aka haifi autata, ga ta nan yanzu tana zuwa makaranta da ƙafarta. Ni ba na tilasta ka. Ga naka, ga wannan. Kai ka san wanda zai hana a zubar maka da garke."

Ya fita ya bar gwangwanin.

Da ana iya gwada duka biyun, da magana ta ƙare. Amma tankunan huɗu a haɗe suke, sai sun haɗa ƙarfi ɗan injin yake ko da motsi, kuma canja ƙyalle ba kamar canja riga ba ne. Sai an rage ruwa har burusan sun fito fili, garken kuwa ba abin da ya tsana kamar iska. In iska ta buge su sai su yi fushi su daina aiki na kwanaki, wasu su mutu. Shi da kansa ya kafa dokar, ya rubuta ta da alli a jikin ginshiƙin rumfar: ba a buɗe tanki sau biyu a wata ɗaya.

Ya wuni yana kallon gwangwanin da kwanon sabon kwallinsa. Washegari ya shafa na kobal. Ya ce wa ransa zato ba hujja ba ne, kuma mutum ba ya yanka garkensa a kan zato.

Kwanakin farko allurar mita ta kwanta kamar yadda ya yi tsammani. Sai ta fara tashi. Ta wuce alamar da ya yi da jan biro, wadda kwallin jini bai taɓa haye ta ba, ta ci gaba da hawa. Wata rana da hantsi yana wanke kwalabe sai ya ji ɗan injin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya kama wani ɗan gurnani a hankali. Ruwa ya fara fita ta bakin tiyo.

Ya tsaya da kwalba a hannu. Shekaru yana jiran wannan ƙara. Ya zauna a kan bokiti yana dariya shi kaɗai, har masu kwasar laka suka leƙo.

"Lafiya, Makiyayi? Ko saniya ce ta haihu?"

"Tagwaye ma," in ji shi.

Murnar ba ta daɗe ba. Akwai wata mata a ɗakin gwaji da ake kira Mai Awo, ita ke ɗibar ruwan kowane lungu na matatar tana auna abin da ke ciki. Mace ce marar yawan magana, kuma ba ta taɓa sassauta lamba don ta faranta wa wani ba. Ta same shi yana share ƙasan rumfar.

"Akwai kobal a ruwan da ke fita daga tankunanka."

Ya jingina tsintsiyar. "Da yawa?"

"Bai kai iyakar da doka ta sa ba. Yana ƙasa da ita sosai."

"To, alhamdu lillahi."

"Na tanki huɗu ke nan."

"Na arba'in fa?"

"Zai matso kusa. Mai yiwuwa ba zai wuce ba. Amma ka san ƙasa ba ta mantuwa. Ruwa ya wuce, ƙarfen ya zauna. Bana kaɗan, baɗi kaɗan."

"Kin gaya wa Manaja?"

"Na gaya masa. Ya ce in bai wuce iyaka ba to ba labari ba ne. Kuma gaskiyarsa ce, ba wanda ya karya doka."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan, ba wanda ya karya doka. Da ya wuce iyakar, da Mai Awo ta rufe aikin da kanta, shi kuma ya yi baƙin cikinsa ya huta. Yanzu an bar masa abin a hannu, halal a takarda, ga shi kuma ya kasa haɗiye shi.

Ruwan tankunan ba cikin babbar magudana yake bi ba. Wata 'yar hanya ce ta siminti take fitar da shi ta ƙarƙashin katanga zuwa lambunan da ke gangare, kuma lambun farko na yayarsa ne, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da la'asar ya zagaya can. Ya tarar da ita a duƙe tana cirar ciyawa tsakanin kunyoyin latas, zane a ɗaure sama da gwiwa.

"Yaya, sannu da aiki."

"A'a, Auta ne? Yau da rabon in ga manyan ma'aikata. Tsaya can nesa, warinku ya fi na takina."

Ya tsuguna a bakin kunya ya yi mata bayani. Ya yi ƙoƙari ya sauƙaƙa, amma yana ji da kunnensa yadda maganar take ƙara cukurkuɗewa. Ta ci gaba da cirar ciyawarta har ya gama.

"To yanzu, abin nan zai kashe ni?"

"A'a."

"Zai kashe latas?"

"A'a, ba yanzu ba. Sai an daɗe yana taruwa. Wataƙila ma ba zai yi kome ba."

"In kuma ka cire shi?"

"Injin ba lalle ya juya ba. In bai juya ba za su rufe tankunan."

"Sai a dawo mini da ruwan da?" Ta miƙe ta nuna masa hannuwanta. "Ka manta yadda suke? Ka manta ƙaiƙayin da yake hana ni barci, da tsagewar yatsu? Tun da ruwanka ya fara zuwa ban sake sayen man shafawa ba. Yanzu ka zo ka ce don kana tausayina za ka mayar da ni can?"

"Ba ke kaɗai ba ce, Yaya. Masu cin latas ɗin fa? Jikokinki da za su gaji ƙasar fa?"

"Jikokina su zo su riƙe fartanya tukuna sannan su yi magana." Ta yi tsaki ta koma ta duƙa. Can kuma ta ce, a hankali, ba ta ɗago ba: "Amma dai kada ka zuba mini guba a ƙasa, ka ji. Ƙasar nan ita ce abin da Baba ya bari."

"To wanne zan yi ke nan?"

"Ni kake tambaya? Wa ya yi karatun? Kai tun kana yaro haka kake, in an ajiye maka riga biyu sai ka tsaya tsirara har rana ta take. Ɗauki wannan kabejin ka kai wa matarka, ka tashi mini daga kan kunya."

Ya koma da kabeji a hannu da kai mai nauyi. Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana juya maganar kamar mai neman bakin zare. Wani lokaci sai ya ga mafita: a bar kobal har kwamiti ya zo ya tafi, bayan an amince sai a koma na jini. Rana ɗaya ba ta ɓata ƙasa. Amma ya san yadda ake aiki a wurin. Abin da kwamiti ya gani yana juya inji shi za a saya na tanki arba'in, kuma a ranar ba za a tambayi Makiyayi ra'ayinsa ba. Wani lokaci kuma ya ce wa kansa, wa ya naɗa ka mai gadin abin da zai faru bayan shekara ashirin? Cutar da ke hannun Yaya ta tabbata, ya gan ta da idonsa. Ta ƙasar kuwa wataƙila ce. Ta yaya mutum zai sayi tabbas da wataƙila? Sai wani tunanin ya taso: ƙaiƙayi yana warkewa in an canja ruwa, ƙasa kuwa in ta sha ƙarfe ba a wanke ta.

Duk wannan lokacin ɗan injin yana ta gurnaninsa, kwanon sabon kwallin jini kuma yana kan shiryayye a rufe da leda. Ya kasa daina kallonsa. In fa wannan ɗin zai iya? In ya iya, ba sauran zaɓi mai ciwo, ruwa tsabtatacce, ƙasa lafiya, garke a raye. Kullum in ya yi niyya sai ya ce bari gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Sai da zuwan kwamiti ya rage 'yan kwanaki sannan ya ɗauki sifana. Mai Awo ta shigo ɗibar ruwa ta same shi ya rage tankin farko rabi, burusan sun fito suna ɗiga, yauƙinsu jaja-jaja yana sheƙi.

"Me kake yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun farko."

Ta dubi ginshiƙin da ya yi wa rubutu, ta dube shi. "Ba su gama farfaɗowa daga na farko ba."

"Sun yi ƙarfi. Zan yi sauri."

Bai yi sauri ba. Robar da ke toshe bakin taga ta tanki na biyu ta yage, domin ba a yi ta don a riƙa cire ta ana mayarwa ba. Ya tafi sito neman wata, mai sito ya fita cin abinci da makulli a aljihu. Ya yanko tsohon tiyubin mota ya gwada, ya yi yoyo. Ya jiƙa buhuna ya lulluɓe burusan, rana ta busar da su. Kafin ya rufe tanki na ƙarshe inuwar rumfar ta koma ɗaya gefen, gwiwoyinsa duk laka.

Allurar mita ta kwanta. Ya ce wa ransa haka take yi kullum. Washegari tana kwance. Ya ƙara musu ruwa mai kauri daga bakin shigowa, ya lulluɓe tankunan don su ji ɗumi, har magana ya yi musu ƙasa-ƙasa da ya ga ba kowa. Ranar da kwamiti zai zo allurar ta ɗaga kamar faɗin farce, ta tsaya nan.

Su uku ne, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau da ladabi. Ba ta toshe hanci ba. Ta zagaya tankunan, ta yi tambayoyi masu ma'ana, sannan ta ce a haɗa injin. Makiyayi ya haɗa wayoyin. Shiru. Ya cire ya goge bakinsu ya sake haɗawa. Ƙuda ɗaya ya sauka a kan tiyon ya zauna abinsa.

"Makon jiya yana juyawa, Hajiya," in ji Manaja. "Da kunnena na ji."

"To me ya faru?"

Duk suka dubi Makiyayi.

"Na canja kwallin, ranki ya daɗe. Wancan yana zubar da kobal a ruwa, ruwan kuma lambu yake zuwa."

Ta juya ga Mai Awo. "Ya wuce iyaka?"

"Bai wuce ba."

"Wannan na yanzu fa, ya taɓa juya injin?"

"Sabo ne. Ba a gwada shi ba. Yanzun ma ba shi ne ya gaza ba, ƙwayoyin ne suka sha iska. In aka ba ni mako uku ko huɗu su farfaɗo..."

"Sai ya juya?"

Ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma ya ga a fuskarta tana so ta ji ta. "Ban sani ba," in ji shi.

Ta cire tabaran ta goge. "Malam, na ga ka sha wahala a nan. Amma ka duba inda ka ajiye mu. Ɗaya yana aiki, kai da kanka ka ce ba ka yarda da shi ba. Ɗaya ka yarda da shi, ba ka san ko yana aiki ba. Masu zuba kankare kuma ba za su jira mu ba. Me zan je in faɗa?"

Suka yi masa sannu suka tafi.

Manaja ya raka su mota ya dawo shi kaɗai. Bai ko fito da hankicinsa ba.

"Da tun ranar da na kawo gwangwanin ka ce mini a'a, da na zage ka, amma da yau mun san abin da jinin naka yake iyawa. Da kuma ka bar shi yadda yake, da yanzu ana tafa maka. Kai ka zaɓi ka yi biyu babu. Wallahi ban taɓa ganin mutumin da ya kama kaza da hannu biyu ya sake ta don ya duba ko tana da ƙuma ba." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Ka zubar da garken naka kafin masu aiki su zo. Kai za ka yi, ba zan sa wani ba."

Da safen ranar da masu aikin za su zo, ya iso da wuri ya kwance wayoyi ya naɗe su, ya cire mitar ya sa a kwali. Ta can bayan katanga yana jin muryar Yaya tana faɗa da wani a kan hanyar ruwa. Bai gaya mata ba tukuna. Za ta gane da kanta in ruwan ya canja kala.

Mai Awo ta zo ta tsaya a bakin rumfar, hannu a harɗe.

"Kin san aikin nan kamar yadda na san shi," in ji shi. "Ki gaya mini don Allah. Da na shafa na jinin tun farko na bar su suka huta, da ya juya?"

"Ban sani ba."

"Zato fa? Ko zato ki yi mini."

"Ni abin da aka kawo mini a kwalba nake aunawa, Makiyayi. Wannan ba ka kawo mini shi ba."

Daga ƙofar matatar aka ji motar yashi tana ja da baya, wani yana buga mata gefe yana cewa zo, zo, zo. Makiyayi ya tsuguna a gindin tankin farko. Bawul ɗin da ke zubar da ruwan tankin ya yi tsatsa, sai da ya sa sifana ya taka da ƙafa sannan ya buɗe.